Baƙuwar Malam Bara'u

Malam Bara'u bai taɓa roƙon kowa ba a rayuwarsa, kuma yana yawan faɗin haka fiye da yadda ya kamata. Ya zo Birmingham yana saurayi don karatu a jami'ar Aston, kuɗin tallafi ya yanke, karatun ya watse, kunya ta hana shi komawa Kano hannu rabbana. Ya kama tuƙin bas, ya tsufa a kai. Matarsa ta rasu ta bar shi da flat ɗin council, wato gidan hayar ƙaramar hukuma, a unguwar Erdington, da ɗan fansho, da 'ya ɗaya tilo, Murja, wadda ke aure a Salford, kusa da Manchester, tana aikin akanta a wani kamfani. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake kiranta. Tun tana ƙarama ya aika ta Kano riƙo wajen gwaggonta, wai kada ta tashi Baturiya. Ta dawo da tarbiyyar da ya nema, har ta yi yawa.

Da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, asibiti suka yi nasu. Ranar sallama suka tambaye shi wa zai kula da shi a gida, ya ce yana da 'ya. A nan Murja ta gane abin da mutane ba sa ganewa sai ya faɗo kansu: a ƙasar nan magani kyauta ne, amma wanka ba magani ba ne. Wanda zai ɗaga tsoho daga gado, ya kai shi banɗaki, ya sa masa riga, ya ɗora masa abinci, ko ka biya shi da aljihunka, ko council ta biya maka. Council kuwa ba ta biya sai ka shige ƙofa biyu. Ta farko, a ga ba ka da dukiya. Ta biyu, a ga ba ka iyawa.

Ƙofar farko a buɗe take wa Malam Bara'u. Ba gida, ba ajiya ta a-zo-a-gani, albashin 'yarsa kuma ba ya shiga lissafi. Ta biyun ce ta rage, don haka aka sa rana ma'aikaciyar council za ta zo ta gan shi da idonta.

Murja ta so ta ɗauke shi ya koma wajenta. Ya ce, "Ni in zauna gidan suruki? In ci tuwonsa, in shiga banɗakinsa? Ki bari in mutu tukuna, sai ki kai ni duk inda kika ga dama." Maganar ta tsaya nan.

Ranar da baƙuwar za ta zo, Alhaji Ɗan'azumi ya iso da hantsi. Tsohon direban tasi ne da ke zaune a Aston, abokin Malam Bara'u tun suna samari. Ya tsaya bakin ƙofa ya ƙare wa falon kallo, ya kama baki.

"Ke 'yar nan, wannan kujerar fo ɗin a tsakar ɗaki za ki bar ta? Baƙuwa za a yi fa."

"Kawu, ai ita yake amfani da ita."

"Na ce ba ya amfani da ita? Kowa ma yana da abin da yake amfani da shi, amma ba a falo ba. Kama mini nan."

Suka kai kujerar ɗakin ajiya. Ledar famfas na manya ta shige ƙarƙashin gado. Ƙarfen da yake dogarawa ya koma bayan ƙofa. Ɗan'azumi ya yi wa abokinsa gyaran fuska yana tsokanarsa, "Ɗaga haɓa, ango. Wa ya sani ko bazawara ce." Malam Bara'u ya yi dariya da rabin bakinsa ya ce, "Kai dai ba ka girma." Aka sa masa shadda mai ruwan toka da hula, Murja ta kunna turaren wuta, ta jera dabino da cincin a faranti. Babu wanda ya ga laifin abin da suke yi. Baƙonka annabinka, haka aka koya musu, kuma ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa me wannan baƙuwar ta zo gani.

Sunanta Scholastica, 'yar asalin Kenya, mace mai fara'a da jaka a kafaɗa. Tana shigowa Malam Bara'u ya miƙe tsaye. Murja ta ga yadda ya danne gefen tebur da hannunsa na dama har jijiyoyin suka fito, ta ga ƙafarsa ta hagu tana rawa a cikin wando. Ita baƙuwar dattijo ta gani, tsaf, yana ƙamshi, yana yi mata maraba da Turancin wanda ya shekara da shekaru yana gaisawa da fasinja.

Ta zauna ta fara tambaya, da Turanci.

"Wanka fa, kana iyawa da kanka?"

"Tun kafin a haife ki nake wanka, 'yata."

"Shiga banɗaki?"

"Ba matsala."

"Ka taɓa faɗuwa tun da ka dawo daga asibiti?"

"Ɗan tuntuɓe dai. Wa ba ya tuntuɓe?"

Murja na zaune a gefe, kanta a ƙasa. A makon nan ta tsince shi kwance tsakanin gado da bango, sai da ta kira maƙwabci suka ɗaga shi. Ta buɗe baki, ta ga idon ubanta a kanta, ta rufe. 'Ya ba ta ƙaryata uba a gaban baƙo.

Scholastica ta juyo gare ta. "Ke ce ke kula da shi? Za ki iya ci gaba? Ki faɗa mini gaskiya, ba laifi ba ne in ba za ki iya ba."

"Mahaifina ne," in ji Murja. "Dole in iya."

Baƙuwar ta rubuta, ta ɗauki dabino ɗaya don kada a ji ba daɗi, ta tafi. Ƙofa na rufuwa Malam Bara'u ya saki jiki a kujera yana haki. Shaddar ta jiƙe daga ƙasa, ya daɗe yana riƙewa. Duk da haka ya dubi abokinsa ya ce, "Mun fita kunya."

"Wallahi ka burge ni," in ji Ɗan'azumi. "Ko gwamna albarka."

Abin da fita kunyar ta jawo shi ne ƙarfe a bangon banɗaki da kujerar zama a yi wanka. Ba mai zuwa safe, ba mai zuwa yamma. Council ta ce mutumin yana iya yawancin abubuwansa, ragowar kuma 'yarsa ta ce ta ɗauka. Ba su zalunce shi ba. Abin da aka nuna musu suka rubuta. Mu ne muke ɗaukar ɓoye ciwo a matsayin mutunci, sannan mu zo muna kuka ba a ba mu magani ba.

Daga nan rayuwar Murja ta koma kan jirgin ƙasa. Manchester zuwa Birmingham, Birmingham zuwa Manchester. Rabin mako a Erdington tana aikin ofis a teburin kicin, tana tashi tsakiyar taro don uban ya kira. Ragowar ranakun maƙwabci da Ɗan'azumi su leƙa shi, su ba shi abinci, amma ba mai yi masa wanka sai ta dawo. Wankan kansa azaba ne gare su duka biyun. Shi ya rufe ido, ita ta kafa nata a bango. Bayanta ya fara ciwo, har likita ya ce ta daina ɗaga abu mai nauyi. Ta yi dariya a gabansa, dariyar da ba ta daɗi ba. 'Ya'yanta biyu suka saba da cin abincin da babansu ya ɗumama. Daga ƙarshe manajanta ya kira ta, cikin ladabi irin nasu mai sanyi, ya ce an yi mata haƙuri iya haƙuri: ko ta dawo ofis sosai daga wata mai kamawa, ko a nemi wani.

Mijinta Sha'aban injiniya ne, mutum mai haƙuri, amma haƙurin ya fara tsagewa. Suna cikin mota ya ɗauko ta daga tasha ya ce, "Ki kira su a sake assessment ɗin nan, a zo a duba shi kuma."

"Su zo ya sake cewa yana iyawa?"

"Sai ke ki ce ba ya iyawa."

"A gabansa?"

"To a bayan wa? Murja, in aikin nan ya tafi, mortgage ɗin, bashin gidan nan, ni kaɗai ba zan iya ba. Kin sani. Kuma ki dubi yadda kike tafiya, kamar wadda ta girmi Baban."

"Kai ba ubanka ba ne."

Suka wuce fitilar hanya. Sannan ya ce, "Da ubana ne, da na fi ki tsoro. Amma da na faɗa."

Ta nemi hanyar da ba sai ta faɗa a gabansa ba. Ta kira Scholastica a waya ta zayyana mata komai, faɗuwar, famfas ɗin, wankan. Matar ta saurara har ƙarshe.

"Na yarda da ke," in ji ta. "Tun ranar nan na yi zargin haka. Amma mahaifinki da hankalinsa, maganarsa ce gaba. Ba zan rubuta cewa mutum ba ya iyawa yana ce mini yana iyawa ba, kuma ba zan tura masa mutane gida bai yarda ba. Zan dawo. Ki bar gidan yadda yake kullum. Kada ki gyara mini komai."

Murja ta kwana biyu tana shirya abin da za ta ce wa uban. Da ta faɗa masa, ya kalli talabijin kamar ba da shi ake ba.

Ranar ta zo. Ta bar kujerar fo a inda take, ta bar zanen gadon da ya ɓaci a kwando bakin ƙofar banɗaki, ta bar shi cikin rigar barci da gemu ba gyara. Maganinsa na hawan jini ya ƙare, ta ce bari ta ruga kemis a babban titi ta karɓo kafin baƙuwar ta iso. Ta tarar da layi.

Tun daga matakala ta jiyo ƙamshin turaren wuta.

Ta tura ƙofa. Falo fes. Kujerar fo ta ɓace, kwandon ya ɓace. Malam Bara'u na zaune cikin farar shadda, an kafa masa hula, Ɗan'azumi na tsaye da tsintsiya yana haki, yana murmushin wanda ya yi abin kirki.

"Allah ya so na zo da wuri," in ji shi. "Ya kira ni a waya ya ce kin bar shi kamar mahaukaci. Na ce ai aiki ne ya yi miki yawa."

"Kawu, wa ya sa ka?"

"Wa ya sa ni? Ji yarinya! Sai an sa ni in rufa wa ɗan'uwana asiri?"

"Asirin nan da kuke rufawa, a bayana kuke rufa shi! Kai kake masa wanka? Kai kake ɗaga shi in ya faɗi?"

"Ke, ni kike ɗaga wa murya? Ranar sunanki ni na feɗe ragon."

"To na gode da ragon. Ina ka kai kujerar?"

"Uwata," in ji Malam Bara'u a hankali. "Ya isa."

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa.

Scholastica ta shigo, ta shaƙi turaren, ta dubi shaddar, ta dubi Murja. Kafaɗun baƙuwar suka sauka. Malam Bara'u ya yunƙura zai miƙe, ta ce ya zauna. Ta fara tambayoyinta kamar wancan karon, shi ma ya fara amsawa kamar wancan karon. Wanka? Yana yi. Banɗaki? Ba matsala.

Murja ta tashi. Ta shiga ɗakin ajiya ta jawo kujerar fo, ƙafafunta na ƙara a kan daɓe, ta ajiye ta tsakiyar falo. Ta koma ta ɗauko ledar famfas daga ƙarƙashin gado ta ɗora a kai. Ta samo kwandon a bayan labulen wanka, ta kawo shi da zanen a ciki. Ɗan'azumi ya ce, "Innalillahi." Ƙamshin turaren bai iya da zanen ba.

"Uwata," in ji Malam Bara'u da Hausa, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ki rufa mini asiri. Don Allah."

Bai taɓa haɗa ta da Allah ba sai ranar. Ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta juya ga baƙuwar, ta yi magana da Turanci, tana kallon jakar matar don ba za ta iya kallon kowa ba.

"Ba ya iya wanka. Ni nake masa, in ba na nan ba ya yi. Ba ya kaiwa banɗaki a kan lokaci. Yana faɗuwa, kuma in ya faɗi ba ya iya tashi. Rigar nan da kike gani, sa masa ake yi, ba ya iya sawa da kansa. Ranar da kika zo wancan karon, kina fita muka canja masa kaya."

"Ke fa?" in ji Scholastica. "Za ki iya ci gaba da kula da shi?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kowa ya iya faɗin haka in a kan wani ne.

"Ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba, ko kina buƙatar ɗan taimako?"

"Ba zan iya ba. Zan zo in gan shi, in yi masa girki, in kai shi asibiti. Amma wanka da ɗagawa, na daina."

Scholastica ta juya ga tsohon. "Malam, ka ji abin da 'yarka ta ce. Kai ka ce mini wani abu dabam. Wanne zan rubuta?"

Ya daɗe yana kallon hannunsa na hagu da ke kwance a cinyarsa. Abu ɗaya ya rage masa: ya ce ƙarya take. Amma tarbiyyar da ta ɗaure bakin 'yar a wancan karon ita ta ɗaure na uban yanzu. Mutum ba ya kiran 'yar cikinsa maƙaryaciya a gaban baƙo.

"Rubuta nata," in ji shi.

"Ka yarda a turo masu taimaka maka?"

"Namiji. Ban da mace."

Ɗan'azumi ya jingine tsintsiyar, ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya ce, "An yi wa dattijo tsirara a kasuwa. Allah ya shirya." Da yana da amsar da ta fi tata, da ya zo da soso da sabulu tun tuni, ba tsintsiya ba.

Council ta amince. Mai kula zai riƙa zuwa safe da yamma, a cire ɗan abu kaɗan daga fanshon, su biya sauran. Murja ta koma ofis. Malam Bara'u kuwa ya daina yi mata magana. In ta gaishe shi ya amsa da ka, in ta ajiye abinci ya ci, in ta kira waya ya bar ta tana ringin.

Safiyar da mai kular ya fara zuwa, tana zaune a teburinta a Salford wayarta ta yi ƙara. Muryar namiji ce, da Hausar Jos.

"Anti, sannu da aiki. Sunana Chollom, ni aka turo wajen Baba. Na ga sunansa na yi masa sannu da Hausa, na ce zai ji daɗi. To tun da ya ji Hausa ya ce in zauna, wai ni baƙonsa ne, in haɗa wa kaina shayi. Ya ce ya riga ya yi wanka." Ya rage murya. "Anti, bai yi ba. Kuma in na rubuta ya ƙi, aka yi ta samun haka, za su ce ba ya buƙata."

Murja ta dafe goshi. Duk abin da ta zubar a falon nan, ga shi zai tafi a kofin shayi.

"Sa wayar a speaker, ka kai kusa da shi."

Ta ji motsi, sannan numfashin uban.

"Baba, ina kwana." Shiru. "Baba, na san kana ji. Na ɓata maka, ban ce ban ɓata ba. Amma ba zan dawo in yi maka wanka ba, ko ka kori wannan, ko ka kori na bayansa. In suka janye, haka za ka zauna. Ka zaɓa."

Abokan aikinta suka ɗago kai jin yaren da ba su sani ba, ta juya musu baya. Can ta ji muryar tsohon, ba da ita yake ba.

"Kai, ɗan ina ne kai?"

"Barikin Ladi, Baba."

"Wane masallaci kake zuwa a garin nan?"

"Ni coci nake zuwa, Baba."

"Ka san wani Ɗan'azumi, mai surutu, a Aston?"

"Ban san shi ba."

"Kana da kowa a Kano?"

"Ko tasha ban taɓa sauka ba."



"To. Abin da ka gani a ɗakin nan, a ɗakin nan za ka bar shi. Je ka haɗa ruwan, kada ya yi zafi da yawa." Sannan, da ƙarfi kaɗan: "Kuma kashe wayar nan. Ba a wanka da 'yan kallo."

Layin ya katse. Murja ta riƙe wayar a kunne na ɗan lokaci, ko da za a sake kira. Ba a kira ba. Ta ajiye ta, ta gyara zama saboda bayanta, ta jawo aikin da ke gabanta.